Sanyaya Kwamfutar Wasanni Ba Tare da Ƙugi Ba: Hasumiyar Iska ko Na'urar Ruwa ga Mai Ƙaramin Kasafi

Duk wanda ya haɗa kwamfutar wasanni da kuɗi ƙalilan ya san inda aka tsuke bakin aljihu. Ana zuba mafi yawan kuɗin a katin hoto, mai zana hotunan wasa, da furosesa, ƙwaƙwalwar kwamfutar, a bar na'urar sanyayawar da ta zo cikin kwali, sannan a sayi akwati mafi araha mai fanka ɗaya tak a baya. Kwamfutar za ta yi aiki, amma da zarar wasa ya yi nisa sai ƙugin fankoki ya cika ɗakin. A nan ne mai ita yake tsayawa tsakanin zaɓi biyu da kasuwa ke miƙo masa, wato hasumiyar ƙarfe mai sanyaya da iska, ko kuwa na'urar ruwa mai lagireto da famfo, wadda ake sayarwa a rufe kuma a haɗe, ana kiranta AIO. Ra'ayina shi ne hasumiyar iska ce ta dace da mai ƙaramin kasafi, kuma a lokuta da dama ma ba ita ce farkon abin da ya kamata ya kashe wa kuɗi ba.

Kafin a sayi komai, wajibi ne a gano daga ina ƙarar take fitowa, domin mutane da yawa suna canza na'urar furosesa alhali mai laifin, wato katin hoto, yana ƙasa da ita a cikin akwatin. A ɗauki haɗin da ya yaɗu sosai, wato Ryzen 5 5600 tare da katin RTX 3060. Iyakar wutar da wannan furosesa ke ja a saitinta na asali wat 76 ce, kuma a yawancin wasanni ba ta kaiwa can, shi kuwa katin an ƙayyade masa wat 170, kuma yakan zauna kusa da wannan adadi muddin ana wasa. Kusan dukkan wutar da suka ja zafi take komawa, saboda haka fiye da kashi biyu cikin uku na zafin da waɗannan biyun ke fitarwa daga katin yake zuwa, kuma ƙananan fankokinsa masu saurin juyi ne ke kokawa da shi. Gwajin ba shi da wuya: a buɗe manhajar HWiNFO, wadda kyauta ce, a kunna wasa mai nauyi, a duba wace fanka ce saurinta ke hawa a daidai lokacin da ƙugin ke tashi. Idan katin ne, ko da na'urar ruwa mafi tsada aka ɗora wa furosesa, ɗakin ba zai yi shiru ba.

Akwai ƙa'ida guda da ta kamata a riƙe, domin a kanta ne dukkan kwatancen ya dogara. Iskar da fanka ke turawa tana hawa daidai da saurin juyinta, amma amonta yana hawa fiye da haka nesa ba kusa ba. A lissafin injiniyoyi, rage saurin fanka da rabi yana sauke amonta da kimanin desibel 15 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), alhali haɗa ta da fanka ta biyu irinta ba ya ɗaga amon fiye da desibel 3. Ke nan fankoki biyu masu juyi 800 a minti suna tura iska kwatankwacin ta fanka ɗaya mai juyi 1,600, amma amonsu ya yi ƙasa da kimanin desibel 12, kuma kunnen ɗan Adam yana jin raguwar desibel 10 tamkar an raba sauti gida biyu. Don haka shirun kwamfuta yana samuwa ne daga faɗin ƙarfen da ke karɓar zafi da kuma manyan fankoki masu juyawa a hankali, ko da ruwa aka kai musu zafin ko da bututun jan ƙarfe.

Mai karatu a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi yana da ƙarin abin lura, domin babu ɗaya daga cikin waɗannan na'urori da ke iya sauke zafi ƙasa da na iskar ɗakin. Abin da kowace ke yi shi ne riƙe furosesa a wani tazarar digiri sama da zafin ɗaki. Masu gwajin kayan kwamfuta a Turai da Amurka sukan yi aikinsu a ɗakunan da zafinsu ke tsakanin digiri 20 da 25, saboda haka na'urar da aka ce ta riƙe furosesa a digiri 70 a ɗaki mai digiri 22 za ta kai kusan 86 a ɗaki mai digiri 38, irin wanda ba baƙo ba ne a watan Afrilu idan babu na'urar sanyaya ɗaki. Ryzen 5 5600X tana fara rage gudunta a digiri 95, Ryzen 7 5800X3D a 90, furosesocin Intel irin su Core i5-12400F kuma a 100. Wannan ne ya sa nake ganin mutumin yankinmu ya kamata ya sayi na'urar da ta ɗara bukatarsa da mataki ɗaya, domin rarar da ake ganin almubazzaranci ce a can, a nan bazara ce za ta cinye ta.

Hasumiyar iska tana da sauƙin gini. Faranti yana zaune a kan furosesa, daga cikinsa bututan jan ƙarfe rufaffu suke tashi su ratsa tarin siraran fallayen alminiyam. A cikin kowane bututu akwai ɗan ruwa kaɗan wanda ke zama tururi a wurin zafi, ya hau sama ya huce a tsakanin fallayen, sannan ya gangaro ta jikin bangon bututun ya sake zagayowa. Hikimar dai ita ce wadda ke sanyaya ruwan randa, wato tururi yana tafiya da zafi, sai dai a nan ba a barin tururin ya tsere. Amfanin wannan tsari shi ne babu abin da ke motsi sai fanka, kuma fankar ta milimita 120 ce ta gama-gari, wadda idan ta mutu ana ɓalle mariƙinta na waya a sa wata cikin mintuna kaɗan. Ƙarfen kansa ba ya tsufa, kuma mutum yana iya tafiya da shi daga wannan kwamfuta zuwa ta gaba idan ya samu mazaunin da ya dace da sabon madabod, wato babban allon da ake jona dukkan kayan kwamfuta a kansa.

A cikin hasumiyoyin akwai mataki biyu da suka shafi mai ƙaramin kasafi. Na farko shi ne hasumiya guda mai bututu huɗu da fanka ɗaya, irin su Thermalright Assassin X 120 Refined SE, wadda farashinta a kasuwannin waje yake kusan dala 20, da DeepCool AK400, da kuma tsohuwar Hyper 212 ta Cooler Master, wadda ta shafe fiye da shekara goma tana cin kasuwa. Ga furosesa mai rukunin wat 65 (adadin da kamfani ke rubutawa, ba iyakar wutar da take ja ba), irin su Ryzen 5 5600 ko Core i5-12400F, wannan matakin ya wadatar, kuma bambancinsa da Wraith Stealth ko Laminar RM1, na'urorin sanyayawar da ke zuwa cikin kwalin furosesa, abu ne da kunne ke ji tun daga ranar farko. Mataki na biyu shi ne hasumiya biyu da fankoki biyu, inda Thermalright Peerless Assassin 120 SE mai bututu shida ta yi fice da farashin dala 35 zuwa 40, sai 'yar'uwarta Phantom Spirit 120 SE mai bututu bakwai. Wanda ke da Ryzen 7 5700X3D ko 5800X3D, masu rukunin wat 105 waɗanda ba sa zuwa da na'urar sanyayawa ko kaɗan, nan ya kamata ya nufa. Shi ma mai wat 65 da ke zaune a ɗaki mai zafi, ƙarin dala 15 ɗin zai ba shi damar barin fankokinsa suna juyawa a hankali duk tsawon bazara.

Noctua ta ƙasar Ostiriya tana da suna mai kyau, kuma ta cancance shi. Hasumiyar NH-D15 da ta fitar a 2014 tana da garantin shekara shida da fankokin milimita 140 masu laushin sauti, sabuwarta kuma ta fito a 2024 a kan kimanin dala 150. Sai dai tazarar da ke tsakaninta da Peerless Assassin a kan furosesar wasanni 'yan digiri ne kawai, kuma da kuɗin guda ɗaya za a sayi hasumiya da fankokin akwati da sabon akwatin ma baki ɗaya.

Kafin biyan kuɗi a auna akwatin. Tsayin Assassin X milimita 148 ne, Peerless Assassin 120 SE da AK400 milimita 155, Hyper 212 EVO 159, NH-D15 kuma 165, alhali akwatuna masu araha da yawa ba su da faɗin da zai ɗauki na ƙarshen, wasu ma ko 155 ba sa kaiwa. Haka kuma fankar gaba ta hasumiya biyu tana rataye ne a saman RAM, wato sandunan ma'ajiyar aiki da ke gefen furosesa, don haka dogayen RAM masu fitilu sukan tilasta a ɗaga fankar sama, abin da ke ƙara wa tsayin 'yan milimitoci har murfin gefe ya ƙi rufuwa.

Ita kuwa na'urar ruwa, famfo ne ke zagaya ruwa daga farantin da ke kan furosesa, ta cikin tiyo biyu, zuwa lagireto wanda fankoki ke hura wa iska. Tana da fa'idodi na gaske waɗanda bai kamata a raina ba. Ruwa yana ɗaukar lokaci kafin ya ɗumama, saboda haka idan zafin furosesa ya yi tsalle na 'yan daƙiƙu, ba dole ba ne fankoki su zabura. Lagireto mai tsawon milimita 360 yana da faɗin da babu hasumiyar da ta kai shi, kuma ga furosesa irin Core i7-13700K ko Core i9-14900K, waɗanda ke iya jan wat 253 a aiki mai nauyi, shi ne zaɓin da ya dace. Akwai kuma batun nauyi: NH-D15 ta haura kilo ɗaya, kuma duk nauyin a jikin madabod yake rataye, don haka wanda ke yawan ɗaukar kwamfutarsa a mota a kan hanyoyi masu ramuka yana da dalilin tunani, ko da yake kwantar da akwatin a gefensa, madabod yana ƙasa, yana magance yawancin wannan damuwa.

Matsalar ita ce na'urar ruwa ba ta kawar da fankoki ba, illa ma ta haɗa su da wani sabon mai sauti. Famfon yakan juya sau 2,000 zuwa 3,000 a minti, kuma ba ya hutawa ko da mutum rubutu kawai yake yi, sautinsa kuma siriri ne wanda kunne ke tsinta cikin dare fiye da hucin iska. A kan famfo masu araha ne wannan ya fi muni. Bayan haka ruwan yana raguwa sannu a hankali ta jikin tiyo, zafi kuma yana hanzarta hakan, har iska ta taru a ciki a fara jin ƙulu-ƙulu, yawancinsu kuwa ba a yi su don a ƙara musu ruwa ba. Idan famfo ya tsaya, sanyayawa ta ƙare nan take kuma sai an sauya na'urar dungurungum, alhali hasumiyar da fankarta ta mutu tana ci gaba da ɗaukar wani kaso na zafin da iskar akwati kawai. Arctic tana ba da garantin shekara shida a kan na'urarta ta ruwa Liquid Freezer III da ta fitar a 2024, kuma na'ura ce mai kyau, amma garanti yana da amfani ne ga wanda zai iya mayar da kaya, wanda kuwa ya yi odarsa daga ƙetare zai iske kuɗin aikawa ya kusa kamo kuɗin sabuwa. Saboda wannan dalili ban ga hikimar sayen na'urar ruwa ta hannu ba, komai arharta, tunda babu yadda za a san shekarun famfon ko yawan ruwan da ya rage, alhali hasumiya ta hannu, idan bututanta ba su lotsa ba kuma mazauninta ya cika, daidai take da sabuwa.

Girman lagireto ma yana yaudarar masu saye. Na milimita 120, mai fanka ɗaya, shi ne mafi araha kuma mafi rashin amfani, domin ba ya fin hasumiya guda ta dala 20, ga kuma famfo a kai. Na milimita 240 mai inganci yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da hasumiya biyu, amma yawanci da ninkin kuɗinta. Sannan sai an samo masa wuri: lagireton Liquid Freezer III kaurinsa milimita 38 ne maimakon 27 da aka saba, idan aka haɗa da fanka mai milimita 25 ya zama 63, kuma a saman ƙananan akwatuna yakan ci karo da RAM. Idan aka mayar da shi gaba, iskar da ke shiga wa katin hoto ta riga ta ɗumama, wato an taimaki abin da ba shi ne babban mai zafi ba, an kuma ƙara wa katin nauyi. Duk inda aka sa shi, kada famfo ya zama shi ne mafi tsayi a zagayen ruwan, domin iska sama take taruwa.

Ragowar kuɗin da hasumiya ta bari, akwatin ne ya fi cancanta da su. Akwati mai gilashi ko rufaffiyar roba a gaba yana shaƙe fankoki komai yawansu, kuma ana iya tabbatar da haka ba tare da kashe sisi ba: a cire murfin gaban a yi wasa, idan zafin katin ya sauka da digiri da yawa kuma fankokinsa suka lafa, to akwati mai raga a gaba ya fi kowace na'urar sanyayawa muhimmanci. Idan akwatin yana shaƙar iska, fankoki biyu ko uku a gaba masu shigarwa da ɗaya a baya mai fitarwa sun isa. Fankar Arctic P12 PWM PST, wadda ake sayarwa biyar a kwali da kusan farashin hasumiya biyu, tana juyawa daga 200 zuwa 1,800 a minti kuma ana jona ɗaya a bayan ɗaya a kan majoni guda na madabod. Masu amfani da ita da dama sun lura tana yin wani ɗan gunji a kusa da juyi 1,000, don haka a saita ta ƙasa da nan ko sama kaɗan. Abin dubawa shi ne filogin: mai ƙafa huɗu yana ba madabod cikakken iko da saurin fanka, mai ƙafa uku ana sarrafa shi ta rage ƙarfin wuta amma ba ya sauka ƙasa sosai, su kuwa fankokin nan masu fitilu kala-kala da ke jonuwa kai tsaye da na'urar raba wuta, a gudu ɗaya suke tsayawa dare da rana, kuma su ne ke hana kwamfutoci masu araha da yawa yin shiru.

Yawan masu shigar da iska a kan masu fitarwa yana da wata fa'ida a ƙasar da hunturu ke kawo ƙura daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Idan iskar da ke shiga ta fi wadda ake zuƙewa, ragowar tana fita ta ramukan akwatin, ƙura kuma ba ta samun hanya sai ta gaba, inda ragar tacewa ke jiranta. A ɗaga akwatin daga ƙasa, a riƙa wanke ragar, a hure fallayen da abin hura iska ana riƙe da fankoki don kada su yi ta juyawa a banza. A nan ma hasumiya ta fi sauƙin sha'ani, domin fallayen lagireto sun fi matsewa, ƙura tana saurin toshe su, kuma tana taruwa ne a tsakaninsu da fankoki inda sai an kwance kafin a kai gare ta.

Ga katin hoto kuwa, maganin da ya fi aiki kyauta ne. Idan allon mutum yana nuna hoto 60 ko 75 a daƙiƙa, katin kuma yana zana 200, wutar da ta tafi a kan ragowar galibinta zafi kawai take haifarwa, kuma manhajojin Nvidia da AMD duka suna da wurin ƙayyade adadin. Wannan ƙayyadewa takan rage har da siririn kukan nan da wasu katuna ke yi daga cikin kayan wutarsu, wanda babu fankar da ke magance shi. Bayan haka, da manhajar MSI Afterburner ko Adrenalin ta AMD ana iya sauke iyakar wutar katin zuwa kashi 80 cikin 100, ko a rage masa ƙarfin lantarki a bar gudunsa kusan yadda yake, asarar da ake yi a wasa kuma takan yi ƙanƙanta idan aka kwatanta da zafin da aka kauce wa. Furosesocin Ryzen 5000 suna da irin wannan a cikin BIOS, shafin saitin madabod, ana kiransa Curve Optimizer, wanda ake saukewa mataki-mataki har zuwa 30, ana gwadawa bayan kowane canji domin ba kowace furosesa ce ke jure adadi ɗaya ba. Wanda ke kunna kwamfutarsa da inbata ko sola zai ga ribar wannan a batirinsa ma. Idan kuwa lokacin sauya katin ya yi, a duba wutar da sabon ke ja kamar yadda ake duba gudunsa: RTX 4060 wat 115 ne idan aka gwama da 170 na RTX 3060, ko da yake ma'ajiyarsa gigabayit 8 ce, ta tsohon kuwa akwai mai 12, RX 6600 kuma yana tsaye a wat 132.

Katin da aka saya na hannu yakan zo da man isar da zafi, wanda ake shafawa tsakanin abin da ke zafi da farantin sanyayawa, da ya bushe, kuma sabunta shi da ɗan tiyub na Arctic MX-4 yana iya sauke zafinsa sosai. Ga sabuwar hasumiya kuwa, man da ya zo tare da ita ya isa, ba sai an sayi wani ba, sai dai a tuna a ɓare ledar da ke manne a ƙasan farantin. Tsohon faifan ajiya mai juyi 7,200 a minti yana girgiza akwati, SSD kuwa, ma'ajiyar da ba ta da faifai mai juyi, ba shi da sauti ko kaɗan. Idan fankar na'urar raba wuta ce ke kuka, a sauya na'urar gaba ɗaya, kada a buɗe ta, domin tana riƙe caji mai haɗari ko bayan an zare ta daga soket. Masu tsofaffin kwamfutocin ofis irin su Dell OptiPlex da aka sa wa katin hoto su sani cewa mazaunin na'urar sanyayawa da filogin fanka na yawancinsu ba na gama-gari ba ne, saboda haka ƙayyade wuta da share ƙura ne hanyarsu, ba sayen hasumiya ba.

Bayan an ɗaura komai, saura saitin fankoki, wanda idan aka bar shi yadda madabod ya zo da shi, sabuwar hasumiyar ma za ta riƙa zabura duk lokacin da aka buɗe wata manhaja. A cikin BIOS, ko da manhajar Fan Control ta kyauta, a bar fankar furosesa a kusan kashi 35 zuwa 40 har zafi ya kai digiri 65 ko 70, daga nan ta hau a hankali, ba ta kai ƙarshen gudunta ba sai an haura 85, sannan a sa mata jinkirin 'yan daƙiƙu kafin ta amsa canjin zafi, domin hawa da saukar sauti ya fi damun kunne a kan sauti mai ɗorewa. Fan Control tana ba da damar ɗaure fankokin akwati da zafin katin hoto maimakon na furosesa, abin da yawancin madabod masu araha ba sa iyawa, kuma da wannan saitin iska tana isa ga katin a daidai lokacin da yake bukatarta, kafin nasa ƙananan fankokin su ɗauki gudu. Saitin da aka yi a watan Disamba a sake duba shi idan Maris ya kama, domin digiri goma ko fiye da ɗakin zai ƙara za su tura dukkan fankokin zuwa sashen da suke da ƙara.